Kalmar da ordinatar bai ja wa layi ba

Talatar makon jiya ba za ta fita daga raina ba. Har yanzu in na ji an turo ƙofar shagonmu da ƙarfi sai na zabura.

Ina aikin buga takardu a wani shago a Zongo, cikin watan gwajina na uku. Wanda bai iya Faransanci ba yakan zauna ya faɗi bukatarsa da Hausa, ni kuma in buga da Faransanci nan take. In kalma ta karkace, ordinatar, wato kwamfuta, ya ja mata jan layi.

Wata Hajiya daga unguwar Yantala ta zo a rubuta mata takardar ƙara zuwa komisariya, ofishin 'yan sanda. Maƙwabciyarta ce ta mare ta. Tana ta maimaitawa: "Mari fa, 'yata! Mari gaban jama'a!" Na san kalmar Faransancin sarai, tun ina 'yar makaranta a lakol. Amma yatsuna suka bi kunnena, na buga "mari" yadda ta faɗa. A Faransanci kuwa "mari" miji ne. Kalma ce mai kyau a wurin ordinatar, don haka bai ja komai ba.

Washegari sai ga mijinta, tsohon jandarma, takardar a dunƙule a hannunsa. Ashe a komisariya an karanta da ƙarfi cewa maƙwabciya ta ba Hajiya miji gaban jama'a, ofishin duka ya kwashe da dariya.

"Ni na mutu ne da za a ba ta wani?" Ya daki tebur har abin buga rubutun ya yi tsalle. "Wace jahila ce ta rubuta wannan?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri."

Madam, mai shagon, ta sake bugawa da kanta. Da ya tafi ta ce wani Bafaranshe da ta taɓa yi wa aiki harafi kawai yake tsallakewa in yana buga takarda, ni kuwa kalma sukutum nake shigo da ita. Wallahi abin ya ba ni haushi. Shi harshe ɗaya ke cikin kansa, ni biyu ke rige-rigen yatsuna, ga tsohuwa na kuka a kunnena!

Ba ta kore ni ba, amma ta ƙara mini wata guda na gwaji.

Abin da na koya: kuskuren da ya yi kama da daidai shi ne mugun. Yanzu kafin takarda ta fita sai na karanta wa mai ita, ina mayar da ita Hausa layi-layi. Masu jira suna tsaki. Su yi ta yi.