Katakon da Quirin Yake Takawa

Shekara arba'in da ɗaya Quirin Haslbeck ya yi yana ba ogan, babban abin kiɗa mai bututu na cocinmu, iska. Aikin ba shi da wani kwarjini. A bayan bututun ogan akwai lungu mai ƙura, da katako biyu haɗe da manyan zugazugi. Mutum ya kama ƙarfe, ya taka wannan, ya taka wancan, har a tashi daga ibada. In ya tsaya, sauti ya mutu. Sauran kwanakin mako gyaran takalma yake yi, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, “Mu ne masu kiɗan coci.”

“Mu” ɗin nan shi ne da Malam Kajetan Wimbauer, mai kaɗa ogan, mai tsara waƙoƙin ibada waɗanda ake rerawa har a manyan coci-coci na Regensburg. Benci ɗaya suka zauna a makaranta. Kajetan ya tafi birni ya koyo kiɗa, Quirin ya gaji gudumar ubansa. Duk sabuwar waƙa kuwa ƙafar Quirin ce ke fara saninta, domin shi ya san inda Malam zai buɗe dukkan bututu, sai ya riga shi cika zugazugi. Yakan yi wa Malam tsiya cewa yatsu ba su da wahala, ya zo ya gwada da gwiwa. Malam ya yi dariya, ya ce in babu Quirin ai shi katako kawai yake dannawa. Quirin ya ɗauki wannan magana da gaske, kuma ni ban ga laifinsa ba.

A shekarar 1927 ciwon ƙirji ya kwantar da shi wata biyu. Da ya warke ya hau lungunsa, sai ya ji katakon ya yi laushi. Malam ya ce sabuwar fata aka sa wa zugazugin. Quirin, wanda rurin bututu ya riga ya cinye masa rabin ji, ya yaba wa masu gyara, ya ci gaba da taka abinsa.

Ran bikin waliyyin garinmu na shekarar da ta biyo baya, ana tsakiyar sabuwar waƙar Malam, coci cike maƙil, gwiwarsa ta hagu ta ƙage. Ya faɗi zaune. Kunya ta rufe shi, ya runtse ido yana jiran sautin ya shaƙe a gaban dukan gari. Ya ƙirga goma. Ya ƙirga talatin. Ogan na ta ruri abinsa, babu ko gargada.

Da jan gindi ya bi bututun iska har bayan wani sabon allo. Can ya tarar da injin lantarki yana juyi. Zugazuginsa kuwa an cire musu baki, iska suke hura wa bango.

Ya jira mawaƙa suka sauka, sannan ya tari Malam a kan matakala.

“Tun yaushe?”

Malam ya hau gyara takardunsa. Ya ce tun lokacin jinya ne, limamin coci ne ya matsa, kuma sabbin waƙoƙin suna son iskar da ƙafar mutum ba za ta iya ba.

“Ban tambaye ka dalili ba, Kajetan. Inji ya fi ni, na yarda. Amma wata goma sha biyar kana leƙowa kana ce mini sannu da aiki?”

“Tausayinka na ji, ɗan'uwa.”

“Da ka kore ni, da ka mutunta ni.”

Yana ɗingishi zuwa gida yana tuna fuskoki: mai gasa burodi da ke cewa yau iska ta yi kyau, matan mawaƙa da murmushinsu. Ashe gari guda aka taru ana lallaɓa shi. 

Matarsa Notburga ta ga tafiyarsa, ta ɗauko man zafi ta durƙusa za ta naɗe masa wando. Ya ce ta bari tukuna, yana da labarin da zai girgiza ta. Ya faɗa mata duka. Ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma yi mamaki ba.

“Burgl,” ya ce a hankali, da sunan da yake kiranta a gida, “ke ma?”

Ta rufe kwalbar man.

“Ni na roƙe shi kada ya gaya maka.”