Ranar da Na Kai Yaya Tafkin Fayyum

Tafiyar nan ta ba ni wahala, ba wani abin ɓoyewa. Shekarata goma sha huɗu a Alƙahira. Na yi dako a kasuwar Ataba har bayana ya sage, na wuni a tsaye a layin sabunta takardar zama, amma ban taɓa yin yini mai nauyin wannan ba.

Aikina yanzu rakiyar marasa lafiya. Mutum zai taso daga gida ba ya jin Larabci, ni zan tarbe shi a filin jirgi, in sama masa ɗaki, in kai shi wajen likita, in tsaya tsakaninsu ina juya magana. Ban yi boko ba, allon ma ban kai ko'ina ba. Larabcin a bakin 'yan dako na tsince shi. Aikin yana da ƙa'ida wadda ba wanda ya rubuta ta: maganar likita ba a miƙa wa majiyyaci ita da zafinta. Likitocin nan ba su san kara ba. Likita zai duba hoto ya ce khalas, an gama, ba abin yi. Kai kuma sai ka juya ka ce, "Alhaji, ya ce a ci gaba da magani, sauƙi na Allah ne." In an fito, ka ja ɗan rakiyarsa gefe ka gaya masa gaskiya, shi ya san yadda zai yi da ita. Haka na tarar ana yi, haka na yi wa mutane da yawa, kuma ina barcina lafiya lau.

Sai aka turo mini Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Masunci ne a Yawuri, tun yana yaro yake cikin kogi. Idonsa ne ya fara dushewa, a gida aka ce yanar ido ce, a Misra za a kankare ta cikin awa guda. Shi kaɗai aka sa a jirgi. Ba a haɗo shi da ɗan rakiya ba, don a wajensu ni ne ɗan rakiyar.

Likitan ya daɗe yana haska masa ido. Da ya gama ya ce ba yana ba ce, jijiya ce ta mutu. Na dama ya tafi. Na hagu saura ɗan haske kamar na kafar ƙofa, shi ma yana kan hanya. Ya tambaye ni sana'arsa, na faɗa masa. Ya ce kada ya kuskura ya sake shiga ruwa shi kaɗai.

Yaya ya ce, "Me ya ce, Auta?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ya ce a ci gaba da ɗiga magani, zai washe a hankali."

Ya ce alhamdulillahi. Tun a matakala ya fara lissafin inda zai kafa mamari in ya koma, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi. Yaya kafin ketowar alfijir yake fita, shi kaɗai, kuma inda yake kafa igiyar akwai dorina. Na waiga ina neman wanda zan ja gefe. Babu kowa, sai ni.

Kwana huɗu suka rage masa ya koma. A ɗakina na unguwar Darrasa na gwada gaya masa sau biyu, na kasa. A gidanmu ba a yin magana mai nauyi a ɗaki. A jirgi ake yi, a tsakiyar ruwa. Ɗaya yana gaba ya ba da baya, ɗaya yana baya da filafili yana tuƙi, ba mai ganin fuskar wani. A faɗi abin da za a faɗa, ruwa ya tafi da kunyar. A haka Yaya ya sanar da ni rasuwar Inna, a haka ya yi mini faɗa lokacin da na ce zan bar gari. Ban san wata hanya ba.

Kogin Nilu yana nan tsakiyar birni, amma jiragensa duk kiɗa ne da rawa, ba wajen magana ba. Wani maƙwabcina, Bahaushen Sudan mai tuƙin mota, shi ya ce mini in kai shi Fayyum. Akwai tafki babba cikin wani gandu na gwamnati, da ƙananan jirage na hannu, kuma lokacin sanyi tsuntsaye suna zuwa daga nesa su cika shi. Na ce wa Yaya za mu je kallon tsuntsaye. Ya ce, "Yanzu ka zama Bature ke nan? Tsuntsu kallonsa ake yi ba ci ba?" Amma ya sa babbar rigarsa.

Ƙaramar bas muka shiga, irin wadda gwiwarka take taɓa haɓarka. Wani yana busa mana taba a wuya. A shingen hanya aka karɓi fasfo ɗinmu aka daɗe ana juya su. Daga garin Fayyum muka sake hawa a-kori-kura, iska mai sanyi tana yanka mana kunne. Yaya bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ni ne nake ta tsaki.

Direban ya biyo da mu ta bayan tafkin, ta wajen wasu tuddai na baƙin dutse, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce a zamanin da can wuta ce ta fito daga ƙasa ta narke ta daskare. Na juya wa Yaya wannan daidai yadda aka faɗa, ko kalma ban rage ba. Ya ce a tsaya. Ya tsuguna ya lalubi guda, ya jinjina shi a tafin hannu.

"Wannan zai yi nauyin koma," ya ce. "Ba zai bari ruwa ya ja raga ba."

Ya zura shi aljihu. Mai gadin wurin ya hango, ya zo yana kaɗa yatsa, ya ce ko tsakuwa ba a fita da ita. Yaya ya mayar da dutsen ƙasa a hankali. Ya ce, "Ƙasar da ake gadin dutse, Allah ya kyauta."

Can gaba ya ji ihu ya tambaye ni lafiya. Na ce manya ne da gemunsu suke hawa tudun rairayi, su tsaya kan katako su sulalo. Ya ce, "Ba aiki ne da su ba?" Na ce hutu suka zo. Ya yi dariya har da tari. Mai gadi ya ce akwai barewa da yanyawa a jejin, amma sai mai sa'a. Ba mu gansu ba.

Kafin in ce masa mun iso, hancinsa ya gaya masa. Ya tsaya ya shaƙi iska ya ce, "Ruwan nan ba ya tafiya." Na riƙe masa gwiwar hannu har bakin ruwa. Ya yi bismilla, ya ɗebo da tafi ya kai baki kamar yadda yake yi wa kowane baƙon ruwa, nan take ya tofar.

"Wa ya zuba masa gishiri?"

"Haka Allah ya yi shi, Yaya."

"To kifin ciki ya huta, da miyarsa yake yawo."

Na sami mai jirgi, wani dattijo da rawani da haƙora jajaye. Na ce masa jirgin nake so, ni zan tuƙa, shi ya jira mu a baki. Ya dube ni kamar na nemi 'yarsa. Ya ce doka ta hana. Na roƙe shi, na ce mu 'ya'yan ruwa ne, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ko 'ya'yan kifi ne. Ya rataya mana wasu riguna masu kumfa na hana nutsewa, Yaya yana ta mita wai shi za a koya wa ruwa.

Jirginsu ba irin namu ba ne. Faffaɗa ne, mai tuƙi yana zaune a ƙarshe da filafili biyu, baƙi kuma benci biyu ne a gefe da gefe suna kallon juna. Aka zaunar da Yaya a dama, ni a hagu, gwiwata tana gogar tasa. Na yunƙura zan koma can gaba in ba da baya, dattijon ya daka mini tsawa, wai zan karkata masa jirgi. Na koma na zauna. Na san Yaya ba ya ganin fuskata sosai. Amma ni ina ganin tasa, har furfurar da ta fito masa a gira.

Muka yi nisa. Dattijon ya ɗaga filafilan ya sa yatsa a baki, ya nuna mini da haɓa. Ga tsuntsayen nan a bayan Yaya, tsaye cikin ruwa marar zurfi. Ban san sunansu da Hausa ba, ba mu da su a Yawuri. Ƙafafu dogaye fiye da na zalɓe, wuya a lanƙwashe, jikinsu kamar jan zanen da ya sha wanki. Suna da yawan da ban iya ƙirgawa ba, kawunansu a cikin ruwa.

Na buɗe baki zan ce ya juya, sai ya miƙa hannu ta saman kafaɗata.

"Ga su can! Farare tas, kamar balbelu. Ka gan su, Auta?"

Na waiga. Gishiri ne ya bushe a bakin gaɓa, fari fat, rana tana dukansa.

"Ka ga maganin ya fara aiki," ya ce. "Shekaranjiya da ba zan hango su ba."

Dattijon ya dube shi ya dube ni. Ya ce da Larabci, a hankali, "Alhajin ba ya gani ko? Allah ya ba shi haƙuri. Ka juyo da shi nan mana."

"Me ya ce?"

"Ya ce idonka ya fi nasa."

Yaya ya yi murmushi ya ɗaga wa dattijon hannu, alamar godiya. Daidai nan wani jirgin inji ya wuce can nesa, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya. Ƙarar fikafikansu ta cika wurin. Yaya ya juya kansa baya da sauri, inda ƙarar take. Ya daɗe a haka. Na ce a raina shi ke nan, ya gane da kansa, an sauke mini.

Ya juyo ya ce, "Ashe har ta nan akwai wasu."

Ruwa ya kwanta. Na ce, "Yaya."

"Na'am."

"Akwai magana."

Ya gyara zama, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. "Faɗi mana. Ai a ruwa muke."

Na shirya ta tun a mota, kalma biyar ce ko shida. Na dubi idon nan na hagu, yana ƙifta shi saboda iska.  Na ji kaina ina cewa, "Na gaji da ƙasar nan. Ina so in dawo gida, in riƙa binka kamun kifi."

"Ita ce maganar?"

"Ita ce."

Ya kwashe da dariya. "Kai da ka manta yadda ake riƙe filafili? Zauna nan ka ci wakenka da gurasa, Bamisire. Ruwa ka bar mini shi. Ni ban taɓa ɗaukar kowa a jirgina in zan fita kamun kifi ba, ba kuma yanzu zan fara ba."

Da za mu koma ya ce lallai sai an ba shi ya taɓa tuƙin. Dattijon da ya hana ni, shi bai iya hana shi ba. Suka yi musanyar wuri a hankali. Ja uku Yaya ya yi ya gane kan filafili biyun nan, jirgi ya miƙe sumul, dattijon yana cewa tamam, tamam, ma sha Allah. Yana ƙara ƙarfi yana jin daɗi. Gab da gaɓa akwai wani tsohon jirgi da aka ɗaure, babba, shuɗi, ko yaro zai gan shi. Yaya ya waiwaya ya duba hanya kamar yadda mai tuƙi yake yi, ya ci gaba da ja, kai tsaye wajensa. Dattijon ya yi tsalle ya danne filafili guda, jirgin ya juya, muka goge shi da gefe. Yaya ya ce laifin jirgin ne, ba ya jin magana, nasa na gida da ido rufe yake tuƙa shi.

 Da muke sauka dattijon ya riƙe mini hannu ya matse, ya sake.

A hanyar dawowa Yaya ya yi ta ba wani fasinja labarin fararen tsuntsaye da Hausa, mutumin yana gyaɗa kai bai san me ake cewa ba. Daga baya barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗata. Muka shigo gari ana kiran magariba. Na ɗiga masa maganin, ɗigo biyu kowane ido, kamar yadda aka rubuta.

Washegari bayan sallar asuba na bar shi yana lazimi, na hau saman bene inda waya take kamawa, na kira matarsa. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Tana ɗauka ta ce, "Mijina na Misra! Ina tsarabata? Ko ka cinye kamar yadda ka saba?"

Na ce, "Ki saurare ni. Kafin ya iso, ki sa a fitar da jirginsa daga ruwa, a kai shi bayan gida a kife. In ya tambaya a ce yoyo yake yi, ana jiran mai gyara."

 Ina jin zakara yana cara a can wajensu.

Ta ce, "Har zuwa yaushe?"

Na ce ban sani ba. Na kashe wayar, na sauka na ɗora masa ruwan shayi.