Ranar da wayar Kawu ta yi kwana

Ko zan manta komai a aikin kwamfuta, ba zan manta damanar da kalma guda ta jefa shinkafar kawuna cikin ruwa ba. Har yau in na tuna, sai in rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Bayan na gama poli ina zaune gida a unguwar Nasarawa nan Kabi, sai na shiga aikin wata manhajar kyauta wadda masu sa kai ke ginawa, kowa daga ƙasarsa, ba oga ba albashi. Aikinta shi ne ta sa waya ta yi ƙara idan kogi ya fara cika. Ni aka bar wa mayar da ita Hausa. Akwai wani maɓalli da ake latsawa ƙarar ta yi shiru na awa guda, sannan ta dawo. Na rubuta a kansa, "Bar ta ta yi kwana." Mu nan Kabi ai kwana shi ne barci, ban ga abin tsayawa tunani ba.

Na sa wa kawuna a wayarsa ina ta cika baki. Manomi ne a fadamar Zauro, kuma a lokacin ya yanke shinkafarsa ya tara a gona, bai kai ga sussuka ba. Abincin gidansa na shekara ke nan.

Wata rana da la'asar wata ƙawata ta kira ni daga Argungu ta ce ruwa ya taso, yana gangarowa wajenmu. Tawa wayar ma tana ta kuka. Na kira Kawu, sai na ji shi hankali kwance.

"Kawu, wayarka ba ta yi ƙara ba?"

"Ta yi tun da sahe, ɗiyata. Ta dame ni, na sa ta kwana, kuma ba ta tashi ba. Na ɗauka ruwan ya hwasa."

Kaina ya ɗaure. Awa guda fa ya kamata ta yi. Na tare ɗan acaɓa muka kama hanyar Zauro, ina ta juya abin a raina. Ko wayarsa ce ta lalace? Ko ni ce na taɓa wani abu ban sani ba? Da na isa, ruwa ya kai gwiwa a gindin gonar. Maƙwabta ne suka taru ana ta ɗaukar damman shinkafar a ka zuwa tudu. Ni ma na naɗe zane na shiga, tsoro ya cika ni. An tsira da mafi yawa, amma damman ƙasa sun sha ruwa.

Washegari na buɗe tarihin gyare-gyaren manhajar, nan ne na ƙara rikicewa. Ashe wani mai sa kai Bakano ya ga rubutuna, ya gwada maɓallin, ya kai ƙorafi da Turanci cewa an rubuta wayar za ta yi kwana amma awa guda kawai take yi. Wani bawan Allah can ƙasar Turawa, wanda ko sannu bai ji da Hausa, ya karanta ƙorafin, ya yi masa godiya, ya gyara ta koma yin shiru har gobe. Wani na uku ya duba ya amince. Kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ni kuwa a tawa wayar ban taɓa latsa maɓallin ba, balle in gane.

Na nemi Bakanon muka yi magana ta waya. Ya ce, "Malama, wallahi a wajenmu kwana, kwana ne."

Na ce, "To mu ma wurinmu kwana, kwana na."

Sai da muka ɗauki lokaci kafin kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke nufi. Bayyana wa Baturen kuma ya fi komai wuya, don ya kasa fahimtar yadda mutum biyu masu yare ɗaya za su saɓa a kan barci. A ranar aka mayar da maɓallin awa guda, aka rubuta ƙarara, "Yi shiru na awa ɗaya."

Da na koma Zauro na tarar da Kawu yana shanya jiƙaƙƙiyar shinkafa, wata har ta fara tsiro. Na zayyana masa komai. Ya saurara, ya ce, "To wa zan yi ma hushi cikinku?" Na ce ni ma ban sani ba. Ya ci gaba da baza shinkafarsa, kuma hakan ya fi faɗa yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, a aikin da hannu da yawa ke taɓawa, kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Tun daga nan ba na sakin kalma sai na kira wani daga gabashin ƙasar Hausa na tambaye shi me ya ji, don wanda zai biya kuɗin rashin fahimtarmu ba ya cikinmu, yana can fadama ruwa har gwiwa.