Gambar da na tuge a bakin korama

Shekarun baya, bayan babban farin nan da ya ƙarar da dabbobi, mahaifina ya sakar mini gonarmu da ke bakin korama a ƙasar Magarya, don ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Tsakanin gonar da ruwa akwai gamba, faɗinta taku goma, wadda tun kakanni ba a taɓawa sai yankan zana. Ƙasa da ita kaɗan mashayar garinmu take.

Ni kuwa na ɗan zauna lakwal, wato makarantar boko, ina jin kaina wani masani. Na ce a bar fili haka ga ciyawa, rumbu ba komai? Mahaifina ya ce, "Ɗana, gambar nan ita ke tare ƙasa, ita ke tace ruwan da mutane ke sha. Bar ta." Na ce, "To, Baba." Da gari ya waye na ɗauki gatari na tuge ta har saiwa. Na kuma roƙi makiyaya suka zaunar da shanu a wurin, ya sha taki.

Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe ƙasa da kashin shanu ya zuba a korama. Mashaya ta yi ja, tana wari, yara suka kama zawo. Mata suka koma wata rijiya mai nisa, har da mahaifiyata da tulunta. Ba wanda ya zage ni, sai dai in na yi sallama a dandali hira ta tsaya.

Mahaifina bai ce ai na gaya maka ba. Ya sa na ɗora shi kan jaki na kai shi gonar, ya zauna a gindin gawo yana nuna mini yadda ake raba tushen gamba a dasa. Na tambaye shi yaushe ruwan zai washe. Ya ce, "Damina uku, in Allah ya kai mu."

A damina ta biyu ya rasu. Ruwan wankan gawarsa sai daga rijiyar nan mai nisa aka ɗebo, ga korama a bakin gonarsa.

Ruwan ya washe yadda ya faɗa, gambar tana nan har yau. Abin da na koya, gonar bakin ruwa ba ta mai ita kaɗai ba ce. Amma har yanzu in na durƙusa shan ruwan nan, tulunan ruwan wankan gawar mahaifina nake gani, kuma kunyar ba ta sake ni ba.