Koren Ƙyalle a Labulen Yaya Hajara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, telar mata a Bagudo, Allah Ya jiƙanta. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai na waiga.

Yaya ba ta jin yaren Turawa ko na gaisuwa, amma gasar waƙar ƙasashen Turai ta shekara-shekara ba ta wuce ta. Wata tashar Faransanci da ke tsallako mana daga Benin ce ke maimaita ta da rana. Ita ba ruwanta da waƙar, rigar wanda ya ci take kallo. Sai ta nemo yadi mai launinta, ta kwaikwayi ɗinkin, ta ƙara hannu, ta rufe wuya, amare har daga Sharabi su yi layi. Ragowar ƙyallen kuma ta jona a labulen ƙofar shagonta. Tarihin gwanayen gasar kaf a labulen nan yake. Da almakashi take nunawa: wannan mai kukan ce, wannan ƙaton da ya yi ta tsalle ne.

Da za ta ga abin da suke sawa yanzu, na san salati za ta yi, sannan ta jawo kekenta.

Bana 'yarta Balkisu, wadda ta gaji shagon, ta ce za ta yar da labulen ta sa ƙofar gilashi. Raina ya ɓaci, na tafi da faɗa a bakina.

Ta ce, "Inna, wanga fa tsumma na. In kin san mi ƙyallayen ga ka nufi, gwada mani."

Ban sani ba, kunya ta rufe ni. Shekara da shekaru ina ɗaga shi in shiga, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Muka zauna, ta buɗo hotunan gwanayen a wayarta, muna haɗa launi da launi. Kowane ƙyalle ya sami mai shi, sai wata koriyar atamfa a tsakiya.

Ina juya ta na gane ta. Zanen da na ɗaura ne ranar da aka sallamo ni daga asibiti, bayan jinyar da har aka fitar da rai da ni. Yaya ta ce ya ɓace a wanki, na daɗe ina yi mata mita. Ashe cikin waɗanda suka yi nasara ta saka ni. Na yi kuka sosai.

Waƙoƙin an manta da yawansu, ɗinkunan sun fita yayi. Abin da ya rage na Yaya shi ne wannan: ta ƙi faɗa da baki, ta ɗinke.

Balkisu ta zura zare a allura.

"Inna, riƙe mani bakin nan, ya yage."