Ranar da Kowa Ya Taya Mu Kiran Yaya

Har yau idan Sallah ta zo ba na kiran kowa sai yamma ta yi. 'Yan'uwa suna cewa girman kai ne, ni kuwa na bar su da faɗarsu.

Babanmu ya rasu ranar ƙaramar Sallah, a gidanmu na Azare, ana saukowa daga Idi. Ya daɗe yana jinya, amma ba wanda ya zaci ranar ce. Babban yayanmu yana koyarwa a garin Katagum, can yake yin Sallah da iyalinsa, sai washegari yake zuwa mana. Kawu, ƙanin Baba, ya ce za a yi jana'iza bayan la'asar, a kira Yaya ya taso. Da ya ji labari a lokacin, da ya iso har ya huta.

Na kira, waya ta ce layi a cushe yake. Na sake, ta katse ko ƙara ba ta yi ba. Duk wanda ya yi Sallah a Azare a shekarun nan ya san halin sabis a ranar. Gari ya cika da baƙi, kowa yana neman kowa ya yi masa barka da shan ruwa, har wanda suka rabu da shi yanzun nan a filin Idi.

Sai mutanenmu suka kawo ɗauki. Mu dai ba mu iya ganin mutum a matse mu zuba masa ido ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Kawo lambar, tawa tana shiga." Kafin azahar, daga zaure har tsakar gida kowa da waya a kunne, lamba ɗaya ake nema. Gwaggo ma da ba ta karatu ta sa an saka mata, tana danna kore tana salati.

Maƙwabcinmu, wani mutumin kudancin Bauchi mai aikin gyaran ƙarfen sabis, ya zo ta'aziyya ya tarar da mu a haka. Ya sa aka kira ni ƙofar gida.

Ya ce, "Malama, ku bar mutum ɗaya ya riƙa gwadawa. Kafin magana ta wuce sai waya ta nemi izini wajen ƙarfe, hanyar neman izinin kuwa 'yar siririya ce. Ko kira bai shiga ba ya tare wuri. In abin ya yi yawa, na'ura da kanta take watsar da wasu don kada komai ya tsaya. Ni da za ku ji tawa, ku tura mutum."

Na kai wa Kawu maganar. Ya ce, "Wane irin aike kuma, ga waya a hannun kowa? Yanzu za ta shiga."

Wannan "yanzu za ta shiga" ita ta cinye mana yini. Abin da yake ƙona mini rai ke nan har gobe. A da, kafin wayar nan ta zo, ba a gama yi wa mamaci wanka ba sai ɗan aike ya kama hanya. Ranar kuwa ga babura jere a ƙofar gida, ga samari majiya ƙarfi, amma kowa ya tsaya yana danne-danne, yana ganin shi ma yana cikin aiki.

Da aka kira la'asar na roƙi Kawu a ɗan ƙara jira. Ya ce, "Yi haƙuri 'yata, ba a ajiye mamaci. Allah bai nufa ya gan shi ba." Na so in ce masa mu ne dai ba mu nufa ba, na haɗiye.

Maza suka ɗauke shi suka fita. Kowa ya mayar da wayarsa aljihu, gida ya yi tsit in ban da shessheƙar Inna, mahaifiyarmu. Ina zaune a bakin ɗakinta wayata ta yi ƙara. Yaya ne, muryarsa fes kamar yana zaure, har da dariyarsa.

Ya ce, "Yau na sha fama, tun safe nake nemanku. Barka da Sallah. Yi maza miƙa wa Baba in gaishe shi kafin ta katse."