Kaset ɗin da Dada ta ajiye cikin toka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Da'u mai kyamara a gidansa da ke Gaya, yana da shekara saba'in da huɗu. Ina ofishin malamai ina duba littattafan ɗalibai ɗansa Kamilu ya kira ni ya sanar da ni. Na yi salati, na yi kuka, amma wallahi ko a cikin kukan abin da ya cika min zuciya shi ne godiya, domin bawan Allahn nan bai tafi ba sai da ya ga aikinsa ya tsaya da ƙafarsa.

Baffa Da'u, ni ba jininka ba ce. Muhsina ce, 'yar Gafasa, malamar firamare. Baffan nan da nake kiranka, abin da ka yi min ne ya ja maka shi, kuma yau sai na faɗe shi kowa ya ji.

Wanda bai san ka ba zai ce mai ɗaukar biki ne ya rasu. To, ka ɗauki biki, ka ɗauki suna, da su ka riƙe iyalinka. Amma tun da ka bar aikin gidan talabijin a Kano ka dawo gida da tsohuwar kyamararka a 1986, inda zuciyarka take daban. Kai ne ka bi Balan da Ajingi da ƙauyukan tsakaninsu a kan babur kana ɗaukar gayyar noma da kokawar kaka da cirar gyaɗa. Kai ne ka ɗauki wasan kwaikwayon tarihin da 'yan sakandare suka yi da takubban katako, ka riƙe dariyarka har aka gama don kada kyamara ta girgiza. Kuma kana da wata al'ada da abokan sana'arka suka daɗe suna yi maka tsiya a kanta: duk abin da ka ɗauka sai ka yi kaset biyu, ɗaya naka, ɗaya ka kai wa mai unguwar garin. Suna cewa garin da ba wuta ba talabijin, me za su yi da kaset? Amsarka ba ta taɓa canzawa ba: “Hoton mutane nasu ne, ni aro na yi.”

A kakar 1989 ka zo Gafasa ɗaukar sussukar gero. Har yau manyanmu in suka tuna sai sun yi dariya. Da aka ji mai kyamara zai zo, gari ya fito masussuka da kayan Sallah, maza da manyan riguna, mata da sababbin atamfofi, kowa ya ƙame yana kallonka, ba mai son ƙaiƙayi ya taɓa masa kaya. Kai kuwa ka rufe kyamararka, ka zauna gindin ɗorawa kana ɓarar gyaɗa da tsofaffi. Kwana uku kana zuwa kana komawa ba ka ɗauki komai ba, har mutane suka gaji da kai, suka koma tsummokaransu, suka kama aikinsu. A rana ta huɗu, bayan ka nemi izinin matan da na mazajensu, ka kunna.

A cikin matan nan akwai mahaifiyata, Hansai. Ita ce mai ba da waƙa in ana lugude, wato dakan nan da mata ke jefa taɓarya sama su tafa su cafe, sauran suna amshi. Da damina ta zagayo ta rasu, ban cika shekara biyu ba. Ko hoton kati ba ta bari ba. Na girma ina jin mata suna cewa tun da Hansai ta tafi masussuka ta yi shiru, ni kuwa da ta haifa ban san kamarta ba, ban san muryarta ba. Ba zan ɓoye ba, na sha jin haushin matan nan, don suna da abin da ya kamata a ce nawa ne.

A 2017 na ji labarin kaset ɗin, na nemo shagonka a Gaya. Ina ambaton sunanta ka ce, “Mai tafi uku kafin ta cafe taɓarya?” Shekara ashirin da takwas, ba ka manta ba. Daga nan ka jawo wani kwali ka buɗe min. Ashe wata damina rufin shagon ya yi yoyo kana kwance a asibiti, danshi ya shiga, fumfuna ta cinye kasa-kasanka gaba ɗaya, zaren ya manne ya yi fari. Aikin shekara goma sha huɗu ya tafi. Na zauna a bencinka ina share hawaye, kai kuwa ba ka tsaya lallashina ba. Ka ce, “Akwai ɗan'uwansa a Gafasa. In yana duniya zan nemo miki shi.”

Daga ranar ka sake hawa babur, da tsufanka da hawan jininka, kana bin garuruwan da ka bar wa ajiya. Wasu ka samu, wasu an yi wasan yara da zarensu. A Gafasa mai unguwa Maiwada, wanda ka danƙa wa kaset ɗin, ya daɗe da rasuwa. Sau uku kana zama da 'ya'yansa a zaure, sau uku suna rantse maka ba su san zancen ba, kuma gaskiyarsu ce. Kuskurenka ɗaya, Baffa, kuma na sha tsokanarka a kai: shekara shida kana tambayar maza inda aka ajiye abu.

A kakar 2023 na je suna gidan marigayi mai unguwan. Ana hira a tsakar gida na kawo maganar, ba don ina sa ran komai ba. Dada, uwargidan marigayin, wadda ta haura tamanin kuma muke zaton ba ta jin abin da ake faɗa, ta ɗago kai ta ce, “Wai baƙin akwatin nan na Da'u mai hoto? Ai yana nan. Malam ya ce min ajiya ce, mai ita kuwa bai zo ya tambaye ni ba.”

Washegari da hantsi kai da Kamilu kuka iso. Dada ta sa aka jawo wani ɗan tulu daga ƙarƙashin gadonta, bakinsa a liƙe da laka. Ita ba ta san kaset ba, amma ta san yadda ake ajiye abin da ba a so ya lalace. Yadda take ajiye irin wake haka ta yi masa: ta naɗe shi a tsumma, ta binne shi cikin toka, ta liƙe. Kowace kaka in ta sake wa irinta toka sai ta sake masa. Sau talatin da huɗu ke nan, ba ta taɓa tsallakewa ba.

Da aka fasa lakar Kamilu ya riƙe kai, don toka ta ratsa tsumman ta shiga ko'ina. Ni gabana ya faɗi. Kai kuwa ka ɗaga murfin kaset ɗin, ka duba zaren a hasken rana, sai ka fashe da dariya har hularka ta faɗi. Ba ɗigon fumfuna. Tokar ta hana danshi kusantarsa. Ka ce, “Dada, ni da na yi aiki a gidan talabijin nawa ya ruɓe. Ke ce gwanar.”

Saura aiki. Ka gaya min gaskiya cewa in aka saka shi a na'ura da tokar nan zai kankare, hoto da murya su tafi har abada, kuma ko an share, sau ɗaya kaɗai za ka yarda ya juya, a lokacin da Kamilu zai kwafe shi a kwamfuta. Kwana goma sha ɗaya ka yi kana juya zaren da yatsa, kana share shi da gashin kaza da auduga, taƙi bayan taƙi. Hajiya Zuliha, matarka, ta ce har abinci sai ta yi faɗa kake ci. Ni kuwa kwanakin nan ban san abin da na koya wa ɗalibaina ba. A rana ta goma sha biyu ka kira ni, kalma biyu ka faɗa: “Ya fito.” Na roƙe ka ka turo min a waya, ka ƙi. Ka ce masu shi za su fara gani, gaba ɗayansu, a garinsu.

Ranar Asabar da safe aka rufe tagogin wani aji a Gafasa da tabarmi, aka tayar da janareta. Ajin ya cika, wasu suna leƙe ta ƙofa. Hoto na fitowa wuri ya kaure, wannan ya ga ubansa, wancan ya ga kansa da baƙin gemu ana yi masa tsiya. Can sai ga turame a jere, ga wata doguwar mace da 'yar wushirya, da goyo a bayanta. Ta jefa taɓarya, ta tafa sau uku, ta cafe, ta ɗaga murya. Tsofaffin matan da ke zaune kusa da ni suka karɓi amshin nan take, ba wadda ta yi tuntuɓe. Ba ka waiwayo ba, daga inda kake gefen na'ura ka ce, “Muhsina, ga ki nan a bayanta.”

Goyon ya fara kuka. Ta tsayar da taɓarya, ta waiwaya, ta jijjiga ni, ta saka sunana cikin waƙar tana lallashina. Ina da shekara talatin da biyar na fara jin uwata ta kira sunana. Sau uku mata suka sa aka maimaita wurin, ni ko sau ɗari aka yi ba zai ishe ni ba.

Ka yi nasara, Baffa. Cikin kasa-kasai sittin da ka raba, goma sha tara suka dawo hannunka kafin ka kwanta, kuma yau suna cikin wayoyin jikokin waɗanda ka ɗauka. Masu yi maka dariya a da, da kansu suka riƙa zuwa neman a tura musu. 'Yata Fiddausi ta haddace waƙar kakarta, tana damuna da ita safe da yamma, ni kuma ban taɓa cewa ta yi shiru ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zuliha, da Kamilu da 'yan'uwansa, da mutanen Gaya da Ajingi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Da'u, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Yadda ya nuna min fuskar mahaifiyata a duniya, Ka haɗa shi da nasa iyayen a gidan rahama, Ka jiƙan Hansai tare da su.

Ranar da aka gama kallon nan, da hannunka ka mayar wa Dada kaset ɗin ka ce ta ci gaba da ajiya. Ba ta iya zuwa zaman makokinka ba, ƙafa ta hana, amma ta ba ni saƙo in kai wa iyalinka, ga shi na isar. Ta ce Allah Ya jiƙan Da'u, kuma a kwantar da hankali, ajiyarsa na nan, kakar bana ma za ta sake mata toka.